Tantance Kayan Kiɗa da Nazarin Tsarin Kiɗan Okestira a Wasu Waƙoƙin Lata Mangeshkar: Darasi ga Manazarcin Waƙar Hausa ta Zamani

Tsakure

Manazarta waƙar baka ta gargajiya ba su cika shan wahala wajen gane kayan kiɗa ba, domin kowane makaɗi an san shi da abin kiɗansa. Da aka shiga zamanin situdiyo sai al'amarin ya rikice, har ta kai yawancin nazarce-nazarcen waƙoƙin zamani kan taƙaita bayanin kiɗa da kalma ɗaya, wato fiyano. Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin samar da matakan da za a bi a tantance kayan kiɗa ta hanyar sauraro, da kuma fahimtar yadda ake tsara su domin su taya murya isar da saƙo. An zaɓi waƙoƙi shida na mawaƙiyar finafinan Indiya, Lata Mangeshkar, waɗanda suka fito tsakanin 1949 da 1995, saboda tasirin da waƙoƙin Indiya suka yi a kan kiɗan finafinan Hausa. An kwatanta kayan kiɗan da aka ji da takwarorinsu na Hausa. Nazarin ya gano cewa tsarin kiɗa yana ɗauke da wani kaso na ma'anar waƙa wanda ba a samunsa a cikin matani, kuma abin da ake nunawa a majigi ba kullum ne yake zama abin da aka kaɗa ba.

Fitilun Kalmomi: kayan kiɗa, okestira, tsarin kiɗa, amo, waƙar fim, fiyano

1.0 Gabatarwa

A al'adar Hausawa, abin kiɗa shi ne shaidar makaɗi. Da an ambaci kalangu sai a tuna Mamman Shata, kuntigi kuwa Ɗanmaraya Jos, kotso Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, taushi Salihu Jankiɗi, gurmi Haruna Uji, ƙwarya kuma Barmani Coge. Haka nan abin kiɗa yakan nuna wanda ake yi wa kiɗan, shi ya sa ba a busa wa talaka kakaki. A kan wannan tushe ne Ames da King suka tattara ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa a 1971, kuma a kansa ne Gusau ya sanya kiɗa da rauji cikin abubuwan da manazarci zai duba a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka.

Waƙar zamani ta warware wannan alaƙa. Mawaƙi ɗaya yana iya fitowa yau da amon sarewa, gobe da na biyolin, jibi da na kalangu, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba. Ga ɗalibi mai rubuta kundi, mafita mafi sauƙi ita ce ya rubuta cewa an yi amfani da fiyano, ya wuce zuwa turke da salo. Illar hakan ita ce ana nazarin rabin waƙa a bar rabi, domin mai sauraro a kasuwa ko a gidan biki kiɗan yake fara ji kafin kalma ta farko ta iso kunnensa.

Larkin da Adamu sun nuna yadda finafinan Indiya suka samu gindin zama a arewacin Nijeriya tun daga shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa 'yan asalin Labanon suka fara nuna su a gidajen silima. Daga nan karin waƙoƙinsu ya shiga bakin masu begen bandiri irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya ta Kano, sannan ya shiga waƙoƙin finafinan Hausa. Saboda haka wanda yake son fahimtar ginin kiɗan waƙar fim ta Hausa, ya kamata ya san ginin da aka kwaikwaya. Muryar Lata Mangeshkar tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a kunnen Bahaushe mai kallon waɗannan finafinai, ko da bai san sunanta ba.

1.1 Hanyar Gudanar da Nazari

An zaɓi waƙoƙi shida bisa la'akari da bambancin zamani da na masu kiɗa. An saurari kowace waƙa a matakai huɗu. A sauraro na farko an bi waƙar gaba ɗayanta domin a fitar da sassanta. A na biyu an mayar da hankali ga kayan bugawa kaɗai, a na uku ga kayan da suke rera kari, a na huɗu kuma ga abin da yake gudana a ƙarƙashin murya yayin da mawaƙiya take rerawa. Bayan haka ne aka kalli hoton waƙar a fim domin a gwada abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Kalmar okestira a wannan maƙala tana nufin babban gungun makaɗa masu kaya iri-iri waɗanda kowanne yake bin rubutaccen kason da aka ware masa.

2.0 Mawaƙiyar da Masu Aiki a Bayanta

An haifi Lata Mangeshkar a garin Indore ranar 28 ga Satumba, 1929, ta rasu a Mumbai ranar 6 ga Fabrairu, 2022. Mahaifinta, Deenanath Mangeshkar, mawaƙi ne kuma ɗan wasan daɓe. Rasuwarsa a 1942 ce ta tilasta mata shiga harkar fim tana da kimanin shekara 13 domin ta riƙe gida. Ta yi waƙa a harsuna fiye da 30, kuma a 2001 aka ba ta Bharat Ratna, lambar girmamawa mafi daraja ta ƙasar Indiya. Sana'arta ita ce rera waƙa a situdiyo, jaruma kuma ta motsa baki a gaban kyamara, tsarin da finafinan Hausa suka gada kai tsaye.

Kafin waƙa ta fito takan bi ta hannun mutum huɗu. Akwai marubucin baitoci, da daraktan kiɗa wanda yake ƙirƙiro kari, da mai tsara kiɗa, sannan mawaƙi. Na ukun nan shi ne ba a cika sani ba, alhali shi yake yanke shawarar wane kaya zai shigo, a ina, da wane ƙarfi. Da yawa daga masu wannan aiki Kiristoci ne 'yan yankin Goa, wanda ya kasance a hannun Fotugal har zuwa 1961. A makarantun coci suka koyi biyolin da karatun rubutaccen kiɗa irin na Turai. Daga cikinsu akwai Sebastian D'Souza wanda ya daɗe yana aiki da Shankar da Jaikishan, da Anthony Gonsalves wanda ya koyar da Pyarelal biyolin. Booth ya yi cikakken bayanin rayuwar waɗannan makaɗa a littafinsa na 2008.

Wannan haɗuwa ce ta haifar da amon da aka sani da kiɗan Indiya. Kiɗan gargajiyar Indiya, kamar na Hausa, a kan kari ɗaya yake tafiya tare da bugu. Su kuwa 'yan Goa sun zo da ilimin jituwar amo, wato haɗa sautuka mabambanta a lokaci guda su daidaita. A wancan zamani tare ake ɗaukar mawaƙiya da makaɗa gommai a zama ɗaya, idan mutum guda ya yi kuskure sai a koma farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sunan mutum biyu ko uku kawai ake rubutawa a jikin faifai.

3.0 Matakan Tantance Kayan Kiɗa

Hornbostel da Sachs sun raba kayan kiɗa gida huɗu a 1914: masu tsirkiya, da na busawa, da masu fata, da waɗanda jikinsu ne yake amo kamar kuge da caki. Daga baya aka ƙara gida na biyar, wato masu aiki da lantarki. Rabon yana da amfani a takarda, amma mai sauraron faifai ba ya ganin kaya. Abin da zai taimake shi shi ne tambayoyi uku game da kowane amo: yaya ya fara, yaya ya ɗore, yaya ya ƙare?

3.1 Masu Tsirkiya

Tsirkiyar da aka goga da baka amonta yakan shigo a hankali ya ɗore muddin hannu yana tafiya. Wadda aka tsinka da yatsa ko da tsinke kuwa da ƙarfi take farawa ta mutu nan da nan. Wannan shi ne bambancin goge da garaya, kuma shi ne bambancin biyolin da sitar. A cikin masu gogawa, sarangi ne ya fi kusa da goge, domin fata aka rufe cikinsa da ita, amonsa yana da ɗan hanci da kaushi kamar muryar mai kuka, kuma shi kaɗai yake fitowa. Biyolin kuwa a waƙar fim jama'a ne, gommai suke jan kari ɗaya baki ɗaya, sai amon ya yi faɗi da santsi. Sitar ana gane shi da zizar da take bin bayan kowane tsinki, da kuma yadda makaɗi yake jan tsirkiya gefe sauti ya zame daga wani mataki zuwa wani. Santur kuwa da 'yan sanduna biyu ake bugun tsirkiyoyinsa, don haka ba ya zamiya, sai dai yayyafin sautuka masu ƙara kamar zubar tsakuwa a tasa.

3.2 Na Busawa

Bansuri sarewar gora ce, ana jin hucin numfashi a gefen amonta. Shehnai ɗan'uwan algaita ne ta fuskar ƙira da kaifin amo, kuma a Indiya alamar biki ne, don haka shigowarsa cikin waƙar baƙin ciki yakan nuna auren da aka ɗaura da wani. Saksafon yana da kauri da laushi, yakan lanƙwasa sauti kamar mai magana a kasalance. Hamoniyam da akodiyon iska ce take kaɗa harsunan ƙarfe a cikinsu, sai dai akodiyon ya fi rawar murya da zaƙi.

3.3 Na Bugawa

Tabla ganguna biyu ne. Na dama ƙarami ne mai kaifi, yana da baƙin danƙo a tsakiyar fata irin wanda ake liƙa wa kotso da taushi domin gyara amo. Na hagu mai kauri ne, makaɗi yana danna fatarsa da gindin tafin hannu sauti ya hau ya sauka, aikin da mai kalangu yake yi da matse tsirkiya a hammata. Dolak ganga ce mai fuska biyu, amonta ya fi bushewa, ita ce ta biki da ƙauye. Bayan gane gangar sai a ƙirga zagayen bugunta. Waɗanda suka fi yawa a fim su ne kaharwa mai bugu 8 da dadra mai bugu 6, sai tintal mai bugu 16 a waƙoƙin rawar fada.

3.4 Sassan Waƙa

Waƙar fim ta Indiya takan fara da kiɗan share fage, sai mukhda wanda ya yi daidai da gindin waƙa, sai kiɗan tsakani, sai antara wanda ya yi daidai da ɗan waƙa, a sake komawa gindi. A kiɗan share fage da na tsakani ne mai tsara kiɗa yake da 'yancin nuna gwanintarsa, don haka nan ne manazarci zai fi kasa kunne.

4.0 Nazarin Zaɓaɓɓun Waƙoƙi

4.1 Aayega Aanewala (Mahal, 1949)

Wannan ce waƙar da ta fito da sunan Lata, kiɗan Khemchand Prakash, a fim ɗin Kamal Amrohi mai labarin gida da fatalwa. Sashenta na farko dogo ne kuma babu bugun ganga a cikinsa. Fiyano na asali, mai tsirkiyoyin ƙarfe, yana sauke sautuka masu nauyi, biyolin suna biye a hankali, murya tana tafiya ba tare da ƙaidin bugu ba. Rashin ganga shi ne dabarar, domin kunne yana neman inda zai taka ya rasa, sai zaman jira da fargaba su samu. Sai da gindin waƙa ya iso sannan bugu ya shigo. Lata da kanta ta ba da labarin cewa daga nesa da makirfo ta fara rerawa tana matsowa a hankali, domin a ji kamar muryar tana tahowa daga wani lungu na gidan. Darasin da ke nan shi ne nisan murya da shirun kaya su ma ɓangare ne na tsari. Abin lura kuma, a faifan farko sunan Kamini aka rubuta, wato sunan da jarumar take ɗauke da shi a fim, ba na mawaƙiyar ba.

4.2 Man Dole Mera Tan Dole (Nagin, 1954)

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma wannan waƙa ta nuna cewa gani ma yana ruɗi. A majigi ana nuna bin, wato abin busar masu wasa da maciji, wanda ake yi da duma da bututu biyu. Amon da ya shahara a waƙar kuwa ba daga bin ya fito ba. Kalyanji ne ya kaɗa shi a kan kilabiyolin, wata ƙaramar na'urar lantarki mai madannai da aka ƙirƙiro a Faransa a 1947, Ravi kuma ya taya shi da hamoniyam, ƙarƙashin jagorancin Hemant Kumar. Abin da ya sa kwaikwayon ya karɓu shi ne mai busa bin ba ya yanke numfashi, yana shaƙa ta hanci yana turawa da kumatu kamar yadda mai algaita yake yi, don haka amon na'ura marar yankewa bai zama baƙo ba. Inda za a kama shi shi ne daidaiton da ya yi yawa: kowane sauti da ƙarfi ɗaya yake fita, rawar amon kuma ba ta sauri ba ta jinkiri, abin da huhun ɗan'adam ba ya iyawa. Wannan misali ya fi kowanne kusa da matsalar manazarcin waƙar Hausa ta yau.

4.3 O Sajna Barkha Bahar Aayi (Parakh, 1960)

Waƙar damina ce, kiɗan Salil Chowdhury, a fim ɗin Bimal Roy. Sitar ne jigon tsarinta. Gajerun tsinke-tsinkensa masu bin juna suna kwaikwayon ɗigon ruwa, ta yadda mai sauraron da bai san harshen ba zai iya hasashen yanayin. Muhimmin abu shi ne matsayin da aka ba shi. Idan murya ta kai ƙarshen layi ta tsaya, sitar yakan karɓa ya cike gurbin, kamar yadda 'yan amshi suke karɓar jagora a waƙar baka. Ke nan ana iya cewa abin kiɗa ya zama ɗan amshi. Shi wannan daraktan kiɗa masanin kiɗan Turai ne, har ya gina wata waƙar Lata da Talat Mahmood ta fim ɗin Chhaya na 1961 a kan karin simfoni na 40 na Mozart, amma a nan ya taƙaita kaya ya bar sitar da tabla su yi magana. Sanin abin da za a bari yana cikin gwanintar tsari.

4.4 Ajeeb Dastan Hai Yeh (Dil Apna Aur Preet Parai, 1960)

A shekara ɗaya da waƙar da ta gabata Shankar da Jaikishan suka fitar da wannan, amma kamar daga wata duniya ta zo. Jita ce take riƙe da bugu, kayan busa na ƙarfe irin na makaɗan otal suna shigowa a tsakani, 'yan amshi kuma suna rera amo marar kalmomi a matakai daban-daban masu jituwa, irin waƙar coci da masu tsara kiɗa 'yan Goa suka tashi a ciki. A labarin, Meena Kumari tana waƙa a cikin jirgin ruwa da dare, a wajen walimar auren mutumin da take so da wata mace. Kiɗan na walima ne, mai sauƙi da lilo, baitocin kuwa na wadda aka bari ne. Wanda ya karanta matani kaɗai zai ce waƙar kuka ce, wanda ya ji kiɗa kaɗai zai ce ta nishaɗi ce. Ma'anar tana tsakanin biyun: mace ce take haɗiye baƙin cikinta a gaban jama'a saboda kunya da kara. Wannan ma'ana tsarin kiɗa ne ya samar da ita.

4.5 Lag Ja Gale (Woh Kaun Thi?, 1964)

Kiɗan Madan Mohan ne, baitocin Raja Mehdi Ali Khan. Nan ne za a fi jin aikin gungun biyolin. Su suke buɗe waƙar da kari mai hawa da faɗi, amma da murya ta shigo sai su ja da baya su koma shimfiɗa, suna riƙe dogayen sautuka a ƙasa. Idan layi ya ƙare sai su taso su cike, idan ta dawo su sake kwantawa. Bugun yana tafiya uku-uku, a tausashe, ba ya gasa da murya. A wasu wurare biyolin suna bin wani kari na daban wanda yake rakiyar na mawaƙiya ba tare da ya maimaita shi ba. Wannan kari mai rakiya shi ne abin da ya fi wuyar ji ga sabon manazarci, domin kunne ya saba bin murya. Hanyar kama shi ita ce a saurari ɗan waƙa guda sau da yawa ana ƙoƙarin yin gunaguni da abin da biyolin suke yi maimakon abin da ake rerawa.

4.6 Tujhe Dekha To (Dilwale Dulhania Le Jayenge, 1995)

Lata tana da shekara 66 lokacin da fim ɗin ya fito, ta rera waƙar tare da Kumar Sanu, kiɗan Jatin da Lalit. Alamar waƙar ita ce gajeren karin mandolin. Mandolin tsinkarsa ake yi, amonsa ba ya daɗewa, don haka makaɗi yakan yi ta kai da komo da tsinke cikin sauri domin sautin ya ɗore, dabarar da duk wanda ya saurari kuntigi ya san irinta. Karin bai tsaya a waƙar ba, yana dawowa a wurare da dama na fim ɗin a matsayin shaidar jarumi, har jaruma takan ji shi ta san ya iso. A nan kiɗa ya yi aikin da take yake yi a ƙasar Hausa, inda ake gane basarake ko ɗan dambe da kiɗansa tun kafin a gan shi. Haka kuma ɗaukar sauti ta zamani ta ba da damar rarrabe kaya tsakanin kunnen dama da na hagu, saɓanin waƙoƙin farko da komai yake fitowa ta kafa ɗaya.

5.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata an gano cewa abin kiɗa yana iya ɗaukar ɗaya daga ayyuka biyar a waƙa: riƙe bugu, da shimfiɗa wa murya, da amsa mata, da zana yanayi, da zama taken wani mutum. Ambaton sunan kaya bai wadatar ba sai an faɗi aikin da ya yi da wurin da ya yi shi.

Na biyu, ya zama dole a bambance tushen amo da abin da amon yake kwaikwaya. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi na'urorin Yamaha har aka samu waƙoƙi irin na fim ɗin Sangaya na 1999, makaɗi ɗaya ne yake yin aikin da gommai suke yi a Mumbai. Daga baya kwamfuta ta karɓi kaso mai yawa na aikin. Faɗin cewa an yi amfani da fiyano gaskiya ne, amma daidai yake da a ce an rubuta littafi da alƙalami. Abin da ya kamata a rubuta shi ne, alal misali, amon sarewa da aka samar da fiyano ya buɗe waƙa, amon gungun biyolin ya cike tsakanin ɗiya, amon kalangu ya riƙe bugu. Ta haka ne za a iya gane abin da aka aro daga Indiya da abin da aka ɗauko daga gida.

Na uku, zubin share fage da gindi da kiɗan tsakani da ɗa, wanda ake ji a yawancin waƙoƙin soyayya na finafinan Hausa, ya samu karɓuwa ne domin ya tarar da makamancinsa a waƙar baka. Baƙon abu a ciki shi ne dogon kiɗan tsakani wanda murya take yin shiru gaba ɗaya, da kuma amsa-amsar namiji da mace a matsayin masoya. Abin da bai cika ƙetarowa ba shi ne kari mai rakiya, domin yana bukatar horon da masu tsara kiɗan Mumbai suka samu a makaranta. Wannan fage ne da yake jiran bincike na musamman.

Na huɗu, yadda sunayen irin su Sebastian D'Souza suka daɗe a ɓoye, haka sunayen makaɗan situdiyo na ƙasar Hausa suke ɓacewa a kundayen bincike. Ana kawo tarihin mawaƙi tun daga kakanninsa, wanda ya zauna a gaban na'ura ya gina kiɗan kuwa ko a jerin waɗanda aka yi hira da su ba a ganinsa. Da yawansu suna raye, kuma su kaɗai suka san dalilin zaɓen wannan amo a bar wancan. Idan ba a tattara bayanansu yanzu ba, tarihin kiɗan wannan zamani zai tashi da giɓin da ba mai iya cikewa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi waƙoƙi shida na Lata Mangeshkar ta nuna yadda ake gane kayan kiɗa ta hanyar lura da farawar amo da ɗorewarsa da ƙarewarsa, tare da auna shi da kayan da Bahaushe ya riga ya sani. Ta kuma nuna cewa tsarin kiɗa yana iya ƙarfafa saƙon baitoci, ko ya saɓa masa da gangan domin a samu ma'ana ta uku. Ana ba da shawarar sassan nazarin Hausa su sanya darasin sauraro cikin kwasa-kwasan waƙa, inda ɗalibi zai riƙa fitar da jadawalin sassan waƙa da kayan da suka shigo a kowane sashe kafin ya taɓa turke da salo. Haka nan ya dace a samar da daidaitattun kalmomin Hausa na wannan fanni, a kuma riƙa hira da makaɗan situdiyo kamar yadda ake yi da mawaƙa. Kiɗan Hausa ya riga ya sauya, saura hanyar nazarinsa ta bi sahu.